Ku Daina Ce Wa Wanda Aka Yi Wa Kutse "Kai Ka Jawo"

Jama'a a yi haƙuri, rubutun yau zai yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya na raka ƙanin mahaifina banki a Zariya. Manomin rake ne a ƙasar Makarfi, ya haura shekara sittin. Ya sayar wa dillalai rake, aka biya shi ta taransfa kamar yadda kowa ke yi yanzu. Kwana uku da shigar kuɗin, bayan la'asar, wani ya kira shi. Da Hausa ya yi masa magana, Hausa mai kyau, har da tambayar iyali da ya aka ji da sanyi. Ya kira cikakken sunansa da sunan mahaifinsa, ya faɗa masa ranar haihuwar da ke jikin takardunsa, ya karanto masa lambar BVN ɗinsa. Sannan ya ce daga banki ne, wai za a rufe asusunsa kafin magariba saboda NIN ɗinsa bai haɗu da asusun ba, amma kada ya damu, za a turo masa wasu lambobi, ya karanto su a gyara masa daga can ba sai ya sha wahalar mota ba. Baffa ya karanto. Kafin ya idar da sallar magariba alat huɗu sun shigo. Noman shekara guda ya tafi.

Da muka je bankin, wanda ba zan ambaci sunansa ba, yarinyar da ke teburin karɓar koke ba ta ko ɗago kai sosai ba. Ta ce, "Baba, ai kai ka ba su da bakinka." Baffa ya kalle ni, ya ce, "Malam, tashi mu tafi, tun da ni ne mai laifin." Wallahi wannan maganar ta fi kuɗin ƙona min rai.

Shi ya sa nake rubutun nan. Na gaji da jin "kai ka jawo". Na ji ta a banki, na ji ta a majalisarmu ta Ikara, ina ganinta kullum a nan Facebook a bakin samarinmu masu ganin sun waye. Da an ce an kwashe wa wani kuɗi ko an ƙwace masa WhatsApp, sai dariya: ƙauyanci ne, kwaɗayi ne, jahilci ne. To ni tambayata ɗaya ce, kuma har yau ba wanda ya amsa min ita. A ina mutumin nan ya samu sunan Baffa da ranar haihuwarsa da BVN ɗinsa? Baffa ba ya Facebook. Bai taɓa latsa wani linki ba, don wayar tasa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Wuraren da ya taɓa ba da waɗannan bayanai ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: banki, wurin rajistar layi, wurin yin NIN, sai fom ɗin tallafin taki da aka cika musu a ƙofar gidan mai unguwa. Daga ɗaya cikin waɗannan abin ya yoyo. Ɓarawo ya zo da mabuɗi uku a hannunsa, ya karɓi na huɗu da daɗin baki, amma duk duniya ta taru a kan wanda ya ba da na huɗun.

Kada wani ya ce zargi nake yi babu hujja. A watan Maris na 2024 kafar binciken nan ta FIJ ta bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Bayan wata uku, a watan Yuni, ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito da wani shafin, AnyVerify, inda Naira 100 ta isa ka ciro bayanan mutum. Don su nuna ba wasa suke ba, suka sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa Bosun Tijani, da ta Vincent Olatunji, shugaban hukumar da aka kafa musamman don kare bayanan jama'a. Naira ɗari-ɗari. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta ce shafukan ba su da izini. To mun ji. Amma ko ta ƙofa aka bi ko ta taga, kayan dai sun fito kasuwa. Idan bayanan minista ba su tsira ba, ina ga na manomin rake?

Mu tuna yadda aka yi muka shigo cikin wannan abu, domin mutane sun fara magana kamar mu muka roƙa. A 2014 aka kawo BVN, aka ce dole. A Disamba 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, lokacin Malam Isa Pantami yana minista, muka yi ta kwana a layi ana tsakiyar korona. A Afrilu 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba yin kira. Sai babbar: canjin kuɗin Emefiele. Wanda duk ya ga watan Fabrairu na 2023 a Ikara ko Hunƙuyi ba zai manta ba. Ga tumatir a kwando yana ruɓewa, ga mai saye, amma babu tsabar kuɗi. Mutumin da duk rayuwarsa bai taɓa yarda da abin da bai ƙirga da hannunsa ba, dole ta sa ya ce a tura ta asusun ɗansa ko na mai POS. Bayan nan gwamnatin jiha ta Malam Uba Sani ta ce ta buɗe wa talakawa asusun banki sama da miliyan biyu. Ni ban ce wannan mugun abu ba ne, kuma na san matan da tallafi ya isa hannunsu kai tsaye saboda shi, ba tare da wani ɗan siyasa ya yanki rabonsa ba. Amma an ɗauki rumbun mutum da asusunsa da katin shaidarsa an zuba su cikin abu ɗaya da ke aljihun rigarsa, an sallame shi, ba a nuna masa inda kwaɗon yake ba.

Za a ce ai bankuna kullum suna turo saƙo kada a ba kowa lambar sirri. Gaskiya ne, ni ma ina samu. Da wane yare? Baffa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafin gonarsa da ajami, ba jahili ba ne. Saƙon banki da Turanci yake zuwa, gargaɗin da ke jikin lambobin nan shida ma da Turanci. Ɓarawon kuwa ya ɗauki wahala ya kira shi da Hausa, ya gaishe shi, ya girmama shi. Ku duba abin kunya: ɗan damfara ya fi banki sanin darajar harshen kwastoma.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don na lura ko 'yan boko 'yan'uwana da an ce kutse sai su hango wani yaro da baƙar hula a ɗaki mai duhu yana buga kwamfuta. Irin wannan akwai shi. Akwai manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda a 2019 WhatsApp ya kai ƙara a Amurka cewa an yi amfani da ita an shiga wayoyin mutum kusan 1,400, ta hanyar kira kawai, ko ka ɗaga ko ba ka ɗaga ba. A ƙarshen 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta saka Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta ga alamar suna amfani da na'urorin kamfanin Circles masu bibiyar waya da sauraron kira. Amma wannan kayan miliyoyin dala ne, na farautar 'yan jarida da 'yan adawa. Ba wanda zai kashe wannan kuɗin a kaina ko a kanka. Mu namu kutsen araha ne, kuma kusan duk ta layin waya yake bi.

Layin nan, ɗan ƙaramin sim ɗin da ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne komai. Wanda ya fizge maka waya a Tashar Yari ko a cunkoson ranar kasuwa sau da yawa bai damu da wayar ba. Zai zare sim ya saka a wata wayar, ya latsa lambar da kowa ya sani ta duba BVN, ta fito masa. Saƙonnin alat su gaya masa bankinka. Daga nan duk wata lambar tabbatarwa da banki zai turo, hannunsa za ta faɗa, domin a wurin na'urar banki duk wanda ke riƙe da layinka kai ne. Wani ma ba sai an sace wayar ba. Kana zaune sai sabis ya ɗauke, ka ɗauka matsalar netwok ce irin wadda muka saba, ashe wani ya je ya yi walkam bak da layinka. Kuma walkam bak ba a yin sa a daji, sai da hannun wani mai na'urar rajista. Ga kuma tsohon layi da ka yar shekaru, kamfani ya sake sayar wa wani, alhali har yanzu shi ne a jikin asusunka.

Na WhatsApp kuwa ya zama ruwan dare. A zauren tsofaffin ɗaliban makarantarmu kaɗai, mutum uku aka yi wa cikin shekara guda, ɗaya ma babban malami ne mai digiri na biyu. Za a kira ka a ce daga zauren ƙungiya ne, akwai mitin ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto a saka sunanka. Kana karantowa an fitar da kai daga WhatsApp ɗinka. Minti goma bayan nan ƙanwarka da ke aure a Kano ta ga saƙo daga lambarka, da hotonka, cewa kana asibiti a taimaka da dubu hamsin zuwa gobe. Ita ba linki ta latsa ba, ba kwaɗayi ta yi ba, zumunci ta yi. A 2024 ofishin Gwamnan Akwa Ibom, Umo Eno, sai da ya fito ya sanar cewa an ƙwace WhatsApp ɗin gwamna, jama'a su yi hattara da saƙon neman kuɗi. Shi ma baƙauye ne?

Wani lokacin ma da cutar kake sayen wayar. A 2020 wani kamfanin tsaron intanet, Secure-D, ya gano muguwar manhaja a cikin wayoyin Tecno W2 kusan dubu 53 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha, Ghana, Kamaru da Masar. Tun daga kwali take ciki, tana cinye data tana yi wa mai waya rajistar abubuwan da bai nema ba. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ce daga wani mai kawo musu kaya matsalar ta fito kuma sun gyara. Wanda ya tara kuɗinsa ya sayi sabuwar waya a leda, shi kuma me ya jawo? Yanzu kuma ga yayin kyamarar tsaro mai haɗe da waya, duk mai shago da mai gidan bulo yana sakawa, har a tsakar gida inda iyali ke zaune. Ka tambayi mai ita ko ya canja lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, sai ya ce yaron da ya haɗa ne ya sani. A 2016 da irin waɗannan kyamarori marasa canjin lamba aka haɗa runduna aka durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka na tsawon sa'o'i. Kai ka saka ido don ka ga ɓarawo, ba ka san wa kuma ke kallo ta cikinsa ba.

To, kada a ce na wanke mu tas. Muna da namu sakacin, kuma ni ma ina ciki. Mutum zai miƙa wayarsa ba kulle a shagon caji ya tafi kasuwa sai yamma. Hajiya za ta tsaya gaban mai POS ta faɗi lambar katinta da ƙarfi, ta ce "ɗana saka min, idona ba ya gani", ga mutum goma a layi. Rabinmu shekarar haihuwa ce lambar sirrinmu, ragowar kuma 1234. Samari sun cika waya da GB WhatsApp don su karanta saƙon da aka goge, ba su san wa ya haɗa manhajar ba balle inda take kai hirarsu. Da an turo linkin "tallafin Gwamnatin Tarayya, cike kafin ƙarfe sha biyu", sai ka ga limami da kansila da hedimasta duk sun tura gaba, har da "Allah ya sa a dace". Kuma mu ma'aikata mun fi kowa laifi a wani ɓangaren. Sau nawa aka yi mana tantancewa, aka karɓi fotokwafin BVN da NIN da takardar albashi? Ina takardun suke zuwa? Na taɓa ganin irin waɗannan fayiloli a zube a wani sito, ƙofa a buɗe, akuya na shiga. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe min a takarda mai ɗauke da sunan wata mata da lambar wayarta da lambar asusunta. Wannan ba Rasha ba ce ta yi mana, mu ne.

Amma sakacin talaka kansa yake cuta. Sakacin hukuma da na banki mutum miliyan yake cuta, kuma su ne ba a taɓa ce musu "ku kuka jawo". Alƙaluman NIBSS, cibiyar da taransfar bankuna ke bi ta hannunta, sun nuna an yi asarar sama da Naira biliyan 17 ta hanyar damfara a 2023, a 2024 kuma ta haura biliyan 52. Wannan wanda aka kai rahoto kenan. Irin su Baffa da ke cewa "na bar wa Allah" ba sa cikin lissafi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, kuɗin nan ba sama suke tashi ba. Wani asusu suke shiga, mai suna, mai BVN, mai lambar waya da aka ce an haɗa da NIN. Ba don haka aka sa mu kwanan layi ba? An ce mana da an haɗa layi da NIN, duk mai laifi da waya an gama da shi. Bayan nan aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, aka yi watanni ana ciniki ta waya. Aka kwashe ɗaliban Kuriga a Maris 2024. Shi kansa Malam Pantami a farkon 2024 ya fito ya ce matsalar ita ce jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan. Idan ba a kama mai neman kuɗin fansa da layinsa ba, wa zai bi sawun kuɗin rake? Amma ka rubuta abin da bai yi wa wani babba daɗi ba, ka ga yadda na'urar bibiya ke aiki. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an fi jin amonta a kan masu rubutu. Daniel Ojukwu, ɗan jaridar FIJ ɗin nan, a Mayu 2024 ya yi sama da mako guda a tsare a ƙarƙashinta saboda wani rahoto na daban. A cikin watan ne kuma Babban Banki ya fitar da takardar cire harajin tsaron intanet, rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan taransfa, sai da jama'a suka yi caa aka janye. Wato a tsare mu ba a iya ba, amma a caje mu kuɗin tsaron an shirya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san akwai masu ɗaukar hoton rubutu su kai gaba. A kai. Ban faɗi abin da ba a jarida yake ba.

A Ingila, tun Oktoba 2024, doka ta tilasta wa bankuna su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam dubu 85, sai in an tabbatar ya yi mummunan ganganci. Bankin da kuɗin ya fita da wanda ya karɓa su raba asarar biyu. Ba don Turawa sun fi mu tausayi ba ne. Sun gane cewa ranar da asarar ta koma aljihun banki, ranar banki zai fara tambayar me ya sa asusun da bai taɓa ganin dubu ashirin ba ya karɓi miliyan cikin dare ya watsa ta gida biyar. A nan kuwa tun da asarar ta Baffa ce, me zai dame su? Muna da dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023, an ci wasu kamfanoni tara, amma tarar asusun gwamnati take tafiya. Wanda aka sayar da bayanansa ko sisi.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya, mai wakiltar Makarfi da Kudan da mai wakiltar Ikara da Kubau. Rabon babura da keken ɗinki mun gani, mun gode. A kai ƙudurin da zai ɗora wa banki da kamfanin waya alhakin kuɗin da aka sace ta layin da aka yi wa walkam bak ba da sanin mai shi ba, kuma a tilasta musu turo gargaɗi da Hausa, da murya, ga wanda ya zaɓa. Shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu kuma, abin da ake kashewa a fastocin taya murna ya isa a ɗauki matasa goma su zauna a kasuwannin Makarfi da Ikara da Hunƙuyi ranar kasuwa, suna saka wa mutane lambar kulle sim, suna kunna musu matakin tsaro na biyu a WhatsApp, suna rubuta wa kowa lambar toshe asusu ta bankinsa a takarda ya ajiye a gida. Aikin minti biyar ne ga mutum ɗaya. Malamanmu na Juma'a, jimla ɗaya ta isa a ƙarshen huɗuba: duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka, ko da muryar ɗanka ce, kashe wayar ka kira shi da kanka.

Kai kuma mai karatu, kafin ka rubuta min "Allah ya kyauta" a ƙasa, duba wayar mahaifiyarka yau. Na yi wa tawa ranar Asabar, na tarar lambar sirrinta a rubuce a bayan katin ATM da biro.

Maganar Baffa, mun rubuta koke an buga mana hatimi. Ƙa'idar Babban Banki ta ba banki mako biyu, in bai warware ba a kai ƙara sashen kare kwastoma. Ranar Alhamis mako biyun ke cika, kuma zan kai, ko da kuɗin motar ya fi abin da za a dawo da shi. Shi dai ya riga ya yanke nasa hukuncin. Akwai ragowar raken da ba a sara ba, ya ce wa dillalin tsaba zai karɓa ko da za a rage masa farashi, kuma a ɗaka zai ajiye. Na ce Baffa, 'yan fashi fa? Ya ce su aƙalla in sun zo zai gan su.